Kaskon Kyanwa da Tukunyar Iri

Da sunan Allah mai rahama, wanda ke tsare matafiyi, ya kuma tsare wanda aka bari a gida. Daga tsohuwa Dije a nan Urafane, zuwa ga uwar Habsu, can sabon mazauninku arewa da Mayahi. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida yara. Allah ya sa kun sauka lafiya, ya sa mahara ba su tsinkayi ayarinku ba, ya sa rijiyar da mazanku ke haƙa ta ba da ruwa tun hannuwansu ba su mutu ba.

Malam Iro ne ke rubuta mini. Ya tambaye ni sunan da zai sa a sama, na ce ya sa uwar Habsu. Ke ce ta fari, bakina bai taɓa kiran sunanki ba, kuma ba yanzu da haƙora suka zube zai koya ba. Shi ya san sunan, sai ya rubuta a baya don Agali mai jakuna, wanda zai bi ta wajenku da kanwa, ya san hannun da zai danƙa wa takarda.

Da na gaya wa Malam maganar kyanwa za a rubuta, sai ya ajiye alƙalami ya dube ni.

Ya ce, "Inna, takarda hwa daga nesa taka zowa. Kashin mussa za mu sa cikinta?"

Na ce, "Shi za mu sa, Malam. Da ina da maganar da ta hi wagga nauyi, da ita na kawo maka."

Ya ɗauki alƙalaminsa. Ba zan ba ki labarin gari ba, garin yana nan yadda kuka bar shi, ni ma haka, sai dai gajiya ta ƙaru.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Safiyar da kuka ɗaure kaya, kin ɗaga faifan tukunyar iri ki duba ko rairayin ya zube, sai kika juya kina amsa wa mata masu ban kwana. 'Yar kyanwar nan mai launin toka, wadda Habsu ta dage sai an tafi da ita, ta yi tsalle ta hau bakin tukunyar, ta sa ƙafa ɗaya ciki ta fara tono. Ba wanda ya gani sai ni. Na kore ta da gefen zane, na mayar da faifai. Na buɗe baki in yi miki magana, sai na ga dangin mijinki tsaye, tsakar gida cike da mutane, kuma ke ce 'yar fari. Na yi shiru yadda na saba, kuka tafi.

Kin san abin da ke kwance cikin rairayin nan. Irin farin waken nan ne da mutane ke kira waken Dije, mai nuna da wuri, lokacin da rumbu ya kai ƙasa gero kuma bai yi ido ba. Ban raba shi biyu ba, duk na juye miki, don gwiwoyina sun gama da gona. Waɗanda na taɓa ba wa a garin nan, wasu sun gauraya shi da nasu har ya ɓace, wasu sun dafa nasu a yunwar bara, ban kuma ga laifinsu ba. In abin da ke cikin tukunyarki ya lalace, shi ke nan, babu inda za ki aika a ƙaro.

Ba za ki iya rabuwa da kyanwar ba, don sabon daji ɓerayensa sun fi mutanensa yawa, kuma ba su san kunya ba. Ba za ki iya sakinta waje ba tana wannan ƙanƙanta, shaho na sama, dila na ƙasa. Ashe ke nan har damina ɗaki ɗaya za su kwana, ita da tukunya cike da rairayi mai laushi. Na taɓa zama a irin wannan ɗaki, kuma duk kuskuren da ake yi na yi shi. Bari in jera miki su, ko kya rage wasu.

Kina rarrafe lokacin. Ɓeraye suka dame mu har suna cin igiyar guga, sai Iya, kakarki ta wajen uba, ta samo mini 'yar kyanwa baƙa daga wajen wata ƙawarta. A ranin nan ne kuma ta danƙa mini irin waken gida a karo na farko, ta nuna mini yadda ake shanya shi ya bushe ƙarau, a tankaɗe rairayi, a gauraya su a tukunya, a rufe samansa da wani rairayin don ƙwaro ya rasa hanyar shiga. Ta ce daga yau ni ke riƙe da shi. Na ji kaina ya yi girma, don Iya ba ta cika sakin abu daga hannunta ba.

Kuskurena na farko, ban tanadar wa kyanwar komai ba. Na ɗauka kyanwa da wayonta ake haihuwarta. Na rufe ta a ɗaki mai daɓe, ƙasa kamar dutse, babu inda za ta tona. Ta zaga, ta yi kuka, ban gane ba, na ce yunwa ce. Ta je bayan randa inda ƙasa ta jiƙe ta yi taushi, ta yi abinta. Ke kada ki jira ta zaɓa. Ki samu kasko mai faɗi, ko gindin tsohuwar tukunya da ta fashe, ki zuba ƙasa, ki ajiye mata tun yau. In bakin kaskon ya fi ƙarfin ƙafafunta, ki haƙa ƙasa ki nutsar da shi kaɗan. Ni sai da na ga tawa tana tsalle tana zamewa tana faɗuwa ta baya kafin hankalina ya kai nan, kuma kafin nan dariya nake yi mata.

Da na ga abin da ta yi a bayan randa, na ɗauki muciya. Ban yi mata dukan kisa ba, amma na kama wuyanta na dangwala hancinta a wurin, don haka na ga ana yi. Kin san abin da ta koya? Ta koyi cewa ni ce abin tsoro. Ba ta daina ba, sai dai ta daina yi a inda zan gani. Ta koma ƙarƙashin gado, bayan jeren ƙorai, cikin tsohon takalmin ubanki. Na wuni ina bin wari da hanci ina ɗaga kaya, ga ki a bayana kina kuka, ga daka na jirana. Ubanki, Allah ya ji ƙansa, ya sa ƙafa cikin takalmin nan zai tafi masallaci, ya je ya wanke ƙafarsa ya tafi ba takalmi. 

Saboda haka ki ajiye muciya, ki kuma gaya wa maigidanki, cikin ladabi, ya ajiye nasa takalmin a sama. In ta ci ta ƙoshi, ko ta tashi daga barci tana miƙa, ki ɗauke ta ki sa cikin kasko. Ki kama ƙafarta ta gaba a hankali ki tona ƙasar da ita, sannan ki ja da baya ki kau da ido. In ta fito ba ta yi ba, ki ƙyale ta, anjima ki sake. In kin ga tana shinshina lungu tana zagaye wuri ɗaya, ki bar abin da ke hannunki ko tuwo ne a wuta. Aikin ba wuya gare shi ba, naci ne, kuma naci shi ke cin mutum.

Abin da ya biyo baya ban taɓa gaya miki ba, ba don ɓoyo ba, don dai ba mu taɓa zama mun yi doguwar magana ni da ke ba. Wata maƙwabciya ta ce in daka barkono in barbaɗa a duk lungun da kyanwar ke ɓatawa, wai in ta shaƙa sau ɗaya ba ta komawa. Na daka, na barbaɗa. Kyanwar ta shinshina daga nesa ta yi atishawa ta canza lungu. Ke kika samu barkonon. Kina rarrafe kika dafa shi da hannu biyu, kika kai ido.

Ina tsakar gida tare da Iya da mata biyu da suka zo taya mu sussuka. Na ji ƙararki, na san ko mene ne tun kafin in tashi. Na tashi, sai na tuna idon mutane, na koma na zauna. 'Yar fari ce, uwa ba ta rawar jiki a kanta a gaban surukai. Iya ce ta ruga ta ɗauko ki, ta wanke miki ido da nono, tana jijjiga ki tana zagin wanda ya yi wannan aiki, ta kuma san wanda ya yi. Ni ina zaune ina murza zangarniya, ban san ma babu sauran ƙwaya a jikinta ba. Matan suka yaba mini, wai ina da kunya. Idonki ya yi kwanaki a kumbure.

Da suka tafi Iya ta ce mini, "Ke ɗiyag ga, mussa ba ta ƙazanta. In kin ga ta ɓata wuri, wani abu kinka hana ta. Nemi abin da kinka hana ta, ki bar neman abin da za ki ƙona ta da shi."

Kada ki sa barkono, kada ki sa wani abu mai zafi, kina da mai rarrafe. Wurin da ta ɓata, wanki kawai ba ya isa, don hancinta ya fi naki, in ta ji zarninta can za ta koma. Ki kankare ƙasar wurin ki fitar da ita bayan gida, ki cike da sabuwa, ki daɓe. Sannan ki riƙa ajiye mata abincinta a daidai nan. Kyanwa ba ta yi a inda take ci. Wannan ma ya ishe ki sanin cewa kaskonta da ƙoƙon abincinta ba sa zama kusa da juna, kowanne da nasa gefen ɗaki.

Bayan maganar Iya na samo kasko. Nan kuma na yi kuskuren da ya fi duka, kuma ina ganin kirki nake yi. Akwai ragowar rairayin da na tankaɗe don iri, fari, mai laushi, ba tsakuwa ko ɗaya, yana cikin ƙwarya a gefe. Na ce bari in kyautata wa baiwar Allah bayan wahalar da na ba ta, na juye mata shi. Ta ji daɗinsa kuwa, ranar nan ta shiga ta yi ta binne, ta fito tana karkaɗe ƙafa. Na yi murna har na kira Iya ta gani. Ban san da hannuna nake koya mata cewa duk inda ta taka rairayi irin wannan, nan ne wurinta ba.

Ki ji wannan da kyau, ko da kin manta sauran. Ƙasar kaskonta kada ta yi kama da ta tukunya. Ki ɗebo mata jar ƙasa daga bakin rijiyar da ake haƙa, ko ta gindin kalgo, wadda ƙamshinta da taushinta daban ne, ta saba da ita tun tana ƙarama. Tunda na ga ƙafarta cikin tukunyarki, ta riga ta ɗanɗana, sai kin fi ni naci kafin ta manta. Faifai kuma ba murfi ba ne a wurin kyanwa, da hanci take ture shi. Ki kife wani kasko a bakin tukunyar ki liƙe da laka. Ki ɗora ta kan duwatsu, don ko a gindinta ta yi fitsari tukunyar ƙasa tana sha. Ranar da za ki buɗe ki duba ƙwaro, ki ba Habsu kyanwar ta riƙe a waje har ki gama ki liƙe. Ni faifai na sa, na ɗora ludayi a kai, wai nauyi.

Da farko a bakin ƙofa na ajiye kaskon, don in riƙa zubarwa ba wahala. Kowa ya shigo sai ya tsallake ta, zakara ya leƙo, ke ki jawo wutsiyarta. Ta fara ƙin shiga sai ɗaki ya yi shiru. Ita ma tana da kunyarta, ba ta son a tsaya mata a ka. Ki sa mata a lungun da ƙafa ba ta bi, kuma in kin ajiye kada ki yi ta canza masa wuri. Akwai kuma ranar da tsabta ta motsa mini, na wanke kaskon da toka har yana ƙyalli, na zuba sabuwar ƙasa. Ta zo ta shinshina ta dube ni kamar baƙuwa ta juya. In za ki canza, ki bar ɗan kaɗan na tsohuwar ki barbaɗa a sama, don ta san nata ne.

Madara ma ki yi hankali da ita. Na ga tana so, ina ba ta safe da yamma, cikinta ya ɓaci, ba ta ko kaiwa kasko. Na ɗauka taurin kai ne ya dawo, ashe ciwo ne. In kin ga wadda ta saba ta fara sakewa a hanya, ko tana shiga tana kuka tana fitowa ba komai, ba rashin ji ba ne, jikinta ne. Ki rage madara, ki ajiye mata ruwa mai kyau, ki ba ta ɗan tuwo da romo.

Malam ya ce hannunsa ya gaji. Na ce ya miƙe yatsu, ni bayana ne ya gaji, kuma ban kai ga abin da ya kawo ni ba.

Bazara ta shigo, zafi ya yi zafi, rijiyar gari ta ja baya. Mukan fita tun da safe mu dawo rana tsaka da tulu ɗaya. Ga sharar gona, ga daka, ga ke kin fara haƙora ba kya barin kowa ya huta. Na daina kwashe kaskon kullum. Na ce gobe, goben ta zo na ce jibi. In na wuce na ji wari sai in watsa ƙasa a kai da ƙafa. Can sai na lura warin ya ragu, kaskon kuma ba ya ƙaruwa. Wallahi daɗi na ji. Na ce ta girma, ta fara fita waje ta kafar ƙofa. Ban tambayi kaina komai ba, don ba na son amsar da za ta ƙara mini aiki. Kyanwa ta fi mu ƙyama, ba ta taka inda ya cika. Ki kwashe mata kullum, ko kin dawo daga rijiya a gajiye. Ranar da kika ga kaskon ya zauna da tsabta ba ke kika share ba, kada ki yi murna, ki tashi ki nemi inda take zuwa.

Ruwa ya sauka, aka shuka gero, ya fito, aka yi noman fari. Ubanki ya ce gobe sai wake, in fito da iri. Na shiga na tarar da ludayin a ƙasa, faifan a karkace, ban san tun yaushe ba, don tukunyar tana can bayan gado inda ba na leƙawa. Na ɗaga. Zarnin da ya bugi fuskata har yau ban manta shi ba. Rairayin ya dunƙule ya yi baƙi. Na sa hannu, waken sama ya kumbura ya yi fumfuna, yana narkewa a yatsa. Ban tona zuwa ƙasa ba. Ƙyama ta kama ni, kunya ta kama ni, na ɗauki tukunyar gaba ɗaya na kai juji bayan gida na kife, na ja shara na rufe.

Na samu ubanki yana gyara ƙotar hauya a inuwa. Na durƙusa na gaya masa.

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Ya ce, "To."

Ya ajiye hauyar ya sa hularsa ya fita. Mutumin da bai taɓa roƙon ko gishiri ba ya bi gida gida yana neman irin wake, lokacin da kowa ya riga ya kai nasa gona. Ya dawo da yamma hular a hannu, cikinta ɗan abin da aka kankaro daga gindin tukwane, ja da fari da mai dabbare-dabbare, rabi duk huji. Muka shuka a makare. Ruwa ya ɗauke da wuri shekarar nan, geron bai cika ba, waken kuwa ko fure bai gama ba ya bushe. A tsakanin ƙarewar rumbu da sabon gero, inda waken Iya ya saba riƙe gida, babu komai. Anza muka ci, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar da ruwa an sake jiƙawa. Nonona ya ƙafe. Kika rame har wuyanki ba ya riƙe kanki sosai, Iya ke yawo da ke a baya tana nema miki kunu a gidajen mutane. Ba ta taɓa ce mini ga abin da na jawo ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Na daina bi ta bayan gida, in zan zubar da shara sai in zaga wani wuri. Wata safiya cikin wannan hali Iya ta kira ni.

Ta ce, "Taho ki ga aikin mussarki."

Na bi ta. Jujin ya rufe da ganye, kore shar, ya yaɗu har ƙasa, ga fure, ga ƙananan kwanso sun fara. Awaki duk suna turke saboda damina, shi ya sa ba abin da ya taɓa shi. Ashe na ƙasan tukunya lafiyarsa lau, fitsarin bai kai can ba. Da na tona da hannu ranar nan, da na tankaɗe na tsince, da mun shuka fiye da rabi a kan lokaci, da ba ki sha wahalar da kika sha ba. Na tsaya a gaban jujin nan ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi ta cire ciyawa.

Iya ta sa aka kewaye shi da ƙaya. Da yunwarmu da komai ta hana a taɓa ko kwanso ɗaya, takan kai tabarma can ta zauna tana kaɗi tana korar kaji. Da ya bushe muka samu ɗan ƙoƙo. Daga ƙoƙon nan ne duk waken da kika ci a gidan nan ya fito, da wanda aka yi ta roƙo ana kira da sunana, da wanda ke cikin tukunyarki yanzu. Iya ta ce kada a gaya wa kowa inda ya fito, mutane ƙyama gare su. Ga Malam Iro nan ya ɓata fuska, don ba sau ɗaya ya ci ɗanwakena ba, har da neman ƙari.

Kyanwar kuwa ban kore ta ba, ko da yake na yi niyya. Na canza mata ƙasa, na liƙe tukunya, ina kwashewa kullum. Ba ta sake ɓata ko'ina ba har ta tsufa ta mutu a gindin rumbu. Mai launin tokan da ke hannunku daga zuriyarta take.

To ga shawarata ta ƙarshe. In kin yi duk abin da na faɗa, kuma duk da haka gajiya ta ci ki wata rana, kika buɗe tukunya kika ji abin da na ji, kada ki kife ta. Ki toshe hanci ki juye a tabarma, ki tankaɗe, ki tsince wanda ya kumbura ki zubar, sauran ki shanya a inuwa. Iri ne, ƙasa za a ba, ƙasa kuwa ba ta ƙyama. Ki gaya wa maigidanki a ranar, kada ki kwana da maganar a ciki. Ki bar kyanwar da ranta, gobe ɓera na nan.

Na gaji, uwar Habsu. Gona ta gajiyar da ni, rijiya ta gajiyar da ni, amma ba abin da ya gajiyar da ni kamar shirun nan da na yi ta yi a gabanki, kina gidan da ke jikin nawa shekara da shekaru, ina jin muryarki ta kan danga ina yi kamar ban ji ba. An ce kunya ce, na kuma riƙe ta da kyau, kowa ya shaida. Yanzu dangar tana nan, muryar babu. Ina kewarki. Malam ya ɗaga kai, na ce ya rubuta haka yadda na faɗa.

Allah ya tsare ku daga mahara da maciji da ciwon da ba a san kansa ba. Allah ya ba ku damina mai albarka, ya sa ƙasar nan ta karɓe ku, ya raya yara, ya sanya haƙuri tsakaninki da maigidanki. Ki gaida duk wanda ya tambaye ni.

In Allah ya sa waken ya yi, ki fara cire iri ki ajiye, sannan ki ɗaure mini tafin hannu ɗaya a tsumma ki ba Agali. Ba na shuka ba, na ci ne, ina so in ji ko ƙasarku ta canza masa ɗanɗano. In ya iso ya tarar an rufe ɗakina, kada ya wahalar da kansa ya komo miki da shi. Ya zaga bayan gida ya watsa a juji, ya kama hanyarsa.

Wassalam. Mahaifiyarki, Dije.